Yadda ake riƙe ƙungiyar ƙwallon yara a kakar da ake ta shan kashi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin layi da usur a wuya ya san wannan lokacin. Alƙali ya tashi wasa, an zuba muku huɗu babu ko ɗaya, yara sun zube a ƙasa suna kwance igiyar takalmi, ba mai kallon ɗan'uwansa, kai kuma kana ta laluben abin da za ka ce kafin a kira magariba. In sau ɗaya ne, da sauƙi. Amma in abin ya kai mako shida, bakwai, takwas a jere, to a nan aikin koci yake farawa.

Na daɗe ina horar da yara 'yan ƙasa da shekara 13 da 'yan ƙasa da 15 a filin wata firamare a cikin Kano, kuma irin wannan kaka ta same ni ba sau ɗaya ba. Abin da na gani da idona shi ne, ba ƙwallayen da ake zura wa ƙungiya ne suke kashe ta ba. Watsewar yara ce. Yau biyu ba su zo ba, jibi biyar, kafin wata ya ƙare kana tsaye da ƙwallo a hannu da yara bakwai. Don haka duk abin da zan zayyana a nan manufarsa ɗaya ce: yaron da aka ci jiya ya dawo tirenin na gaba, kuma ya koma gida ya fi yadda ya zo.

Kayan da za ka tanada

Littafi mai bango mai ƙarfi da biro. Da gangan na sa shi a farko, za ka ga dalili a mataki na 2.

Ƙwallaye, aƙalla huɗu, da famfo da allurarsa. 'Yan ƙasa da shekara 13 lamba 4 ce daidai ƙafarsu, waɗanda suka haura su ne na lamba 5. Yaro ƙarami da ƙwallon manya ba ya iya ɗaga ta, sai ya koyi bugu da tsinin ƙafa, daga baya gyaran ya yi wuya.

Alamomin shata fili. In babu na saye, gorunan ruwa na roba cike da yashi sun wadatar, toka kuma ta ja layi. Riguna kala biyu na raba ɓangare, na gwanjo a Ƙofar Wambai ma sun isa. Usur da agogo.

Jarkar ruwa mai lita 25 da kofuna. Lokacin zafi ka riƙe sukari da gishiri: cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri a lita 1 ta ruwa mai tsabta, saboda yaron da zufa ta galabaitar.

Ɗan akwatin magani: auduga, bandeji, filasta, ruwan wanke ciwo. Ka san kuma gidan da za ka samu ƙanƙara kusa da fili.

Sai mutum biyu. Mataimaki, ko da matashi ne da ya daina bugawa, da dattijo ɗaya na unguwa wanda iyaye suke jin nauyinsa, ya zama uban ƙungiya. Ka rubuta lambar wayar uba ko uwar kowane yaro a bayan littafinka.

Mataki na 1: Minti goma bayan an tashi wasa

Ka sa su je su gaisa da abokan karawa da alƙalin wasa, ko da kana ganin alƙalin ya danne ku. Su sha ruwa. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka duba ko akwai mai rauni da yake ɓoyewa. Sannan ka tara su ka faɗi abu uku, kada ka wuce minti biyu: abu ɗaya mai kyau da ka gani a wasan, ranar tirenin na gaba, sai addu'a.

Abin kirkin da za ka faɗa ya zama na gaskiya, mai suna da lokaci. "Kun yi ƙoƙari" ba magana ba ce, yara sun fi mu gane yabon fatar baki. Ka ce, "Na ga yadda lamba 3 ya dawo da gudu daga tsakiyar fili ya cire ƙwallon nan bayan an riga an ci mu uku." Wannan yana shiga.

Kuskuren da sababbin masu horarwa suka fi yi shi ne tsayar da yara rabin awa ana yi musu faɗa a gaban 'yan kallo. Yaro mai yunwa da gajiya da kunya ba ya jin gyara, muryarka kawai yake ji. Gyara na ranar tirenin ne. Kuma ku koma unguwa tare, kada su watse ɗai-ɗai. Tsokanar da ke jiran su a bakin layi ta fi sauƙin ɗauka in suna tafe a gungu, kai kana tsakiyarsu.

Mataki na 2: Gano irin cin da ake yi muku

"Ana cin mu" ba bayani ba ne. Ka ba mataimakinka littafi, duk ƙwallon da ta shiga ragarku ya rubuta abu uku: a minti na nawa, daga wane ɓangare ta taso, kuma ta yaya. Bugun kwana ne, ko bugun tazara, ko an ƙwace a ƙafar ɗan baya, ko doguwar ƙwallo ce ta tsallake kowa. Bayan wasa uku ko huɗu, ka zauna da daddare ka karanta. Galibi za ka ga ɗaya daga cikin huɗun nan.

In ƙwallayen suna taruwa a minti 15 na ƙarshe, gajiya ce, ko rashin cin abinci kafin wasa. Ka tambayi yaranka abin da suka ci da rana, amsar wasu za ta sanyaya maka jiki.

In suna zuwa a jere, biyu ko uku cikin minti biyar, karayar zuciya ce. Ta farko ta ƙwallo ce, sauran na zuciya ne.

In iri ɗaya ce take maimaituwa, to wannan albishir ne, domin shi ya fi sauƙin gyara. Akwai kakar da na yi ta ɗora wa 'yan bayana laifi, har ina shirin canza su. Da na zauna da littafi, sai na ga yawancin ƙwallayen daga kwana suke, kuma kusan kullum a turken raga na nesa, inda ba kowa. Duk yaran suna ruguwa turke na kusa saboda can suke ganin ƙwallo za ta sauka. Mako biyu muka yi muna maimaita tsayuwar kwana, ƙofar ta toshe. Ba mu fara cin wasa nan take ba, amma huɗu ta koma biyu.

In kuma abokan karawar sun fi ku girma da ƙarfi ne kawai, ka san da haka ka kwantar da hankalinka. Tsakanin ɗan shekara 13 da ɗan 15 akwai tazarar da dabara ba ta cikewa a kaka ɗaya. Wannan lokaci ne maganinsa.

In babu mataimaki, ba wa ɗaya daga cikin 'yan benci littafin, ka riƙa juya shi tsakaninsu. Wanda ya rubuta ya fi kowa fahimtar wasan.

Mataki na 3: Ba su abin da za su iya ci

Kada ka taɓa ce wa yara cin wasa ba shi da muhimmanci. Sun san ba haka ba ne, kai ma ka sani. Abin da za ka yi shi ne ka ƙara musu wata gasa a cikin wasan, wadda take hannunsu.

Ka raba wasan gida huɗu. In ana buga minti 30 kowane zagaye, kowane kashi minti 15 ke nan, kuma kowanne wasa ne mai zaman kansa. An ci ku uku da nema, amma kashi na biyu da na huɗu canjaras kuka yi. Mako na gaba ku nemi kashi uku. Sannan ka ɗora buri ɗaya ko biyu daga abin da littafi ya nuna: yau ba za a ci mu da kwana ba; in an ci mu, minti biyar na gaba ba za a ƙara ba; za mu buga raga sau shida. Ka faɗa kafin wasa, ka ƙirga, ka sanar da sakamakon a tirenin na gaba kamar yadda ake sanar da maki.

Kada burin ya wuce biyu. Yaro ba ya shiga fili da jerin umarni goma a kansa.

Mataki na 4: Tsarin tirenin

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk ihun da za ka yi a bakin layi ranar wasa ba zai koya wa yaro abin da bai maimaita a tirenin ba.

Ka fara sanin lokacin Islamiyyar yaranka. Alhamis da Juma'a makarantun allo da yawancin Islamiyyu suna hutu, don haka su ne ranakunka na dogon tirenin bayan la'asar. Rana ta uku ka daidaita da malamansu. Ƙungiyar da ta shiga takun saƙa da karatu ba ta daɗewa.

Minti 75 sun isa, ga yadda nake raba su.

Minti 10 na ɗumama jiki, da ƙwallo a ƙafa tun daga farko.

Minti 15 na zagaye: ka shata murabba'i taku 10 kowane gefe, biyar a waje suna ba juna fas, biyu a ciki suna neman ƙwacewa. Wanda aka ƙwace a ƙafarsa ya shiga ciki. Wannan shi ke koya wa yaro ɗaga kai kafin ƙwallo ta iso shi.

Minti 20 na gyaran ciwon da littafi ya nuna, shi kaɗai. Ga wanda ƙungiya mai shan kashi ta fi buƙata: biyu da biyu a fili mai tsawon taku 20 da faɗin 12, da 'yar raga ta goruna. Ɗan baya na farko ya fita ya tare mai ƙwallo, ya rage gudu in ya kusa, ya karkata jiki, ya ja da baya a hankali, kada ya zuba ƙafa. Na biyu ya tsaya bayansa kaɗan a karkace, taku uku ko huɗu, domin in an yanke na farko ya tarar da shi. In ƙwallo ta koma ɗaya gefen, su yi musaya. Ka koya musu kalma biyu da za su riƙa kira da ƙarfi: "Nawa!" ga mai fita, "Ina bayanka!" ga mai rufewa. Ƙungiyar da ake ci takan yi shiru a fili, kuma shirun yana ƙara ci. Dawo da murya rabin gyara ne.

Minti 25 na ƙananan wasanni, huɗu da huɗu ko biyar da biyar, a fili biyu gefe da gefe. Kowane wasa minti biyar, sannan ka gauraya su. A irin wannan yaro yana taɓa ƙwallo ninkin abin da zai taɓa a sha ɗaya da sha ɗaya, kuma kowa zai ɗanɗani ci kafin a tashi. Yaran da suka yi wata biyu ba su yi murnar ƙwallo ba suna buƙatar su tuna yadda ake yi.

Minti 5 na ƙarshe gasar fenariti, ko ta bugun sandar sama. A tashi ana dariya.

Abin da za ka guje wa: zagayen fili a matsayin horo saboda an ci ku. Yana koya wa yaro cewa fili wurin azaba ne. Haka dogon layi, yara 20 suna jiran ƙwallo ɗaya. Haka doguwar lacca. In bayaninka ya wuce minti ɗaya, ka nuna da ƙafarka.

In ƙwallo ɗaya gare ka, raba su kashi uku, biyu suna bugawa, ɗaya yana jira, wanda aka ci ya fita, kowane wasa minti uku. In yara takwas kawai suka zo, kada ka soke tirenin, kuma kada ka ɓata lokacin waɗanda suka zo da ƙorafi kan waɗanda ba su zo ba. Ka ba su tirenin mafi daɗi da ka iya, labarin zai kai ga sauran kafin isha'i.

Yanayi ma yana da nasa hukunci. Daga Maris zuwa Mayu a sha ruwa duk bayan minti 15 ko 20. Da hunturu ƙasa takan bushe ta yi tauri, ka rage zamiya, ka sa ido kan mai asma. Da damina, da ka ji tsawa ko ka ga walƙiya, a bar fili, ba a fakewa ƙarƙashin bishiya. Da azumi ka mayar da shi minti 40 marar nauyi dab da shan ruwa.

Mataki na 5: Sauƙaƙa tsarin wasa, ka daina canza shi

Koci in ya rikice, kowane mako sai ya zo da sabon tsari. Ka zaɓi ɗaya, huɗu a baya, huɗu a tsakiya, biyu a gaba, ko ka janye ɗaya daga gaba ya ƙara tsakiya, ka tsaya a kansa har ƙarshen kaka. Doka ɗaya ce babba: in ƙwallo ba ta hannunku, tsakanin 'yan baya da 'yan tsakiya kada ya wuce taku 10 zuwa 12. A wannan ramin ake cin yawancin ƙungiyoyin yara. A kwana kuma kowa ya san wurinsa da sunansa: wane turke na kusa, wane na nesa, su wane masu tsalle.

Akwai wani abu da yaran suke kwasowa daga gidan kallo. Tun da aka sauya dokar bugun gola a 2019, aka yarda ɗan baya ya karɓi ƙwallo a cikin da'irar gidansu, manyan ƙungiyoyin Turai suke fara wasa da gajeren fas daga raga. Yaranka za su so su kwaikwaya. Amma waɗancan a kan ciyawa mai laushi suke, ku kuwa filinku tsakuwa ce da rami. Ku koya a tirenin, domin abu ne mai kyau. A ranar wasa kuwa, in an matso ku, gola ya buga ta gefen fili, can wajen layi, ba tsakiya ba.

Mataki na 6: Ka tsare golanka

A kakar shan kashi ba wanda ya kai gola ɗaukar nauyi. Shi yake shiga raga ya ɗauko ƙwallo, shi 'yan kallon bayan raga suke kira da suna.

Ina da wani gola, siriri, ɗan shekara 13. Ranar da aka zura masa shida, na waiga ban gan shi a cikin yara ba. Na same shi a bayan ajin ƙarshe, ya cire safar hannunsa, wadda dama ta yage a babban yatsa, ya ɗora ta a kan gwiwa yana kallo. Ya ce, "Koci, ka sa wani kawai." Na zauna a ƙasa kusa da shi, na buɗe littafi na nuna masa. A cikin shidan, ɗaya ce tasa. Biyar ɗin an bar shi shi kaɗai da ɗan gaba. Na kuma nuna masa inda aka rubuta waɗanda ya ture, guda tara. Bai ce komai ba, amma ranar Alhamis ya riga kowa zuwa.

Saboda haka ka sa a riƙa rubuta ƙwallayen da gola ya cire, ka karanta a gaban kowa. Ka ware masa minti 10 nasa shi kaɗai a kowane tirenin. Ka kafa doka tun wuri: ba mai ɗaga wa ɗan'uwansa hannu ko yi masa tsawa in ya yi kuskure, wanda ya yi zai fito ya zauna minti biyar, ko shi ne kyaftin. In kana da gola biyu, ka raba musu wasanni tun kafin lokaci, domin kada canji ya zama kamar hukunci.

Mataki na 7: Benci da gwanin ƙungiya

Tunda kofi ya riga ya kuɓuce, ba ka da uzurin ajiye yaro a benci wasa uku a jere. Kowa ya buga, aƙalla kashi ɗaya cikin huɗun nan. Wanda ya zo tirenin shi zai fara, wanda bai zo ba ba tare da dalili ba ya jira, ko da shi ne mai ci muku ƙwallo. Ranar da ka karya wannan doka saboda gwani, ka gaya wa sauran cewa wahalarsu banza ce.

Gwanin kuwa, ka sani wasu ƙungiyoyi za su zo zawarcinsa. Ka kira shi gefe ku yi magana ta gaskiya. Ka ba shi aiki, ya riƙa jagorantar zagaye, ya koya wa ƙanana. In ya dage zai tafi, ka sallame shi da fatan alheri, kada ka ɓata shi a unguwa. Sau da yawa sukan dawo.

Abu ɗaya da ba a sassauci a kansa: yaron da ya bugu a ka, ya ce yana jin jiri ko yana gani dishi-dishi, ya gama wasa a ranar, a kai shi asibiti a duba shi. Maki uku ba su kai kan yaro ba.

Mataki na 8: 'Yan haya, rage shekaru da maganar asiri

Wajen mako na biyar wani zai zo maka da shawara, kuma da kyakkyawar niyya zai zo. Zai ce akwai wasu yara biyu a wata unguwa, sun ɗan girma kaɗan, amma fuskarsu ta yara ce, kowa ma haka yake yi. Kada ka karɓa.

Na san zafin ganin yaranka 'yan 14 suna karawa da mai gemun da aka aske da safe. Amma duba abin da za ka saya da abin da za ka sayar. Za ka ci wasa ɗaya ko biyu. Yara biyu da suka yi wata huɗu suna shan rana tare da kai za su koma benci saboda baƙi. Sauran kuma sun koyi cewa in abu ya yi wuya, ƙarya ake yi, kuma daga bakin malaminsu suka koya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, har a sama. Tun gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 da aka yi a Najeriya a 2009, wadda Kano da Kaduna da Bauchi suna cikin garuruwan da suka karɓi baƙuncinta, FIFA take amfani da na'urar ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don tantance shekaru. A 2016 fiye da yara 20 na Golden Eaglets, wato tawagar Najeriya ta 'yan ƙasa da 17, suka faɗi wannan gwaji dab da wasan share fagen gasar Afirka, kuma Nijar ta fitar da Najeriya, alhali ita ke riƙe da kofin duniya na 2015. Yaron da ka saba wa shekarun ƙarya yau, can gaba za a tsayar da shi a inda ba ka da ikon taimakonsa.

In kana da hujja cewa wata ƙungiya ta sa manya, ka rubuta ƙorafi ga kwamitin gasa, kai da uban ƙungiya, ba tare da hayaniya a fili ba. A gaban yara kuwa kada ka mayar da shi waƙa, in ba haka ba duk cin da aka yi musu sun sami abin fakewa.

Haka maganar an yi muku asiri, an binne abu a raga, a kawo kuɗi a karya. Ku yi addu'arku kafin wasa da bayansa kamar kullum. Kuɗin kuwa a sayi ƙwallo da shi. Yaron da ya yarda an ɗaure ƙafarsa ya daina gyara ta.

Mataki na 9: Iyaye da 'yan bakin layi

Kada ka jira uba ya hana ɗansa zuwa kafin ka san ƙofar gidansa. Yaron da ya yi fashin tirenin biyu a jere, ka je da kanka bayan magariba, ka yi sallama. Wani uban zai ce maka, "Malam, ƙwallon nan da kullum cin su ake yi, ba gara ya zauna a kanti ba?" Kada ka yi masa alkawarin Turai. Ka ce, "Alhaji, gaskiya ne ana cin mu. Amma daga la'asar zuwa magariba na san inda yake, na san da wa yake, kuma in an kira salla tare muke yi. Ranar da kake buƙatarsa a kanti, ka gaya mini, ni zan turo shi." Ka nemi ganin sakamakon jarrabawarsa kowane zango. Uba in ya ga ka damu da karatun ɗansa, shan kashi ba ya sa ya janye shi.

Matasan da ke tsayawa bakin layi suna zagin yara, kai kaɗai ba za ka iya da su ba. Aikin uban ƙungiya ke nan. Kujerarsa kawai in aka ajiye a wurin, harshe yakan gyaru.

Mataki na 10: Nemo musu wasan da ya yi daidai da su

A tsakiyar kaka ka shirya wasan sada zumunta ɗaya ko biyu da ƙungiyar da kuke kai ɗaya. Ba wadda za ku yi wa goma ba, yara sun san nasarar da aka ba su sadaka. Wadda za a yi gumi, a ci ko a yi canjaras.

Labari ma yana da amfani in ba a yawaita ba. Yaran Kano sun san Pillars ta ɗauki kofin ƙasa a 2008, sannan sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, amma ta faɗa rukuni na ƙasa a 2022, ta dawo a 2023. Masu kallon ƙwallon Ingila sun san Leicester ta shafe watanni a ƙasan tebur a kakar 2014 zuwa 2015, ta ci wasa 7 cikin 9 na ƙarshe ta tsira, shekara ta gaba ta ɗauki kofi. Ka ba da irin wannan sau ɗaya, a ranar da ta dace. In kullum ne, ya zama tatsuniya.

Mataki na 11: Kai kanka

Yara fuskarka suke karantawa kafin su saurari bakinka. In an zura muku ƙwallo, duk za su waigo benci. Abin da za su gani shi ne kai a tsaye kana tafa hannu kana kiran a dawo da ita tsakiya. Ɓacin ranka ka kai shi wurin wani tsohon koci da ka yarda da shi, ka roƙe shi ya zo ya kalli wasanku ɗaya ya gaya maka abin da idonka ya daina gani. Kuma in kuskuren naka ne, ka sa yaro a wurin da ba nasa ba ko ka makara wajen canji, ka faɗa a gabansu. Daga ranar za su fara faɗin nasu.

Mataki na 12: Rufe kaka

Kada wasan ƙarshe ya zama rabuwa. Ka sa rana a cikin makon, a filinku. A haɗa ɗan abin da ya samu, ko zoɓo da ƙosai ne. Ka gayyaci iyaye da uban ƙungiya. Ka buɗe littafi ka karanta abin da ya canza daga wasa uku na farko zuwa uku na ƙarshe: ƙwallayen kwana, kashin da aka yi canjaras, waɗanda gola ya ture. Ka kira kowane yaro da sunansa, ka faɗi abu ɗaya da ya iya yanzu wanda bai iya ba da, da abu ɗaya da zai yi aiki a kansa lokacin hutu. Kyauta mafi girma, ko da sabuwar safa ce, ta tafi ga wanda ya fi kowa zuwa tirenin.

Sannan a karɓi jesuna a ƙirga, a wanke, a ɗinke waɗanda suka yage, a sace iskar ƙwallaye kaɗan a ajiye su a inuwa. Ka ware waɗanda shekarunsu suka haura, ka haɗa su da kocin rukuni na gaba da hannunka. Hutun kada ya wuce mako uku. Kafin kowa ya tashi, ka faɗi ranar dawowa da lokacinta, ka sa kyaftin ya maimaita da ƙarfi, ka kuma tura wa iyaye saƙo a daren.